Jinin Delu a Kwalba Biyu

Jinin ya ƙi daskarewa. Minti arba'in ke nan da Zuliha ta jera kwalaben safiya a kan teburin labo, duk masu jan murfi sun kama, kowace da gudanta a ciki kamar hantar kaza. Amma wannan ɗaya, da ta karkata ta, sai jinin ya bi gefen kwalbar tsararo kamar yanzu ya fito daga jijiya. Ta ɗaga ta saitin taga, ta karanta abin da aka rubuta a jikinta da bik: Delu Adamu, Gaffati. Ta ja tsaki, ta sake karkata ta. Haka dai.

Shekara shida Zuliha tana aikin awon jini a wannan ƙaramin asibiti na gefen Zango, kuma jini bai taɓa ba ta ƙyama ba. Abin da ke tayar mata da zuciya shi ne aikin ganin dama. Sana'ar tata kuwa ba wani ɓoyayyen abu a ciki. Kwalba mai jan murfi ba maganin hana daskarewa a cikinta: a zuba jini, a bar shi rabin awa ya yi guda, a sa a injin juyawa, ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Shi ake kira serom, shi suke aunawa tun da aka buɗe asibitin. Mai koren murfi tana da magani a ciki, ba jira, nan take ake juyawa, ruwan da ya taso ana ce masa filasma. Lokotoro Safiyanu, likitan da ke shugabantar asibitin, ya gaji da ganin mutane suna wuni a gindin bishiyar bedi suna jiran sakamako, ya ce yana so a koma kore. Amma sai an gwada tukuna: mutum arba'in, kowa a ɗebar masa ja da kore lokaci ɗaya, a ga ko bakinsu zai zo ɗaya.

Makon da ya wuce bakinsu ɗaya ne. Mutanen gari ne suka zo, malaman lakwal, wato makarantar boko, da 'yan kasuwar Dole masu ƙoshi, kuma bambancin bai wuce wanda aka sani ba: gishirin jinin nan da ake kira fotasiyom yakan ɗan ɗara a ja, domin jini yana sakin kaɗan in yana daskarewa. Yau ne farfajiyar ta cika da mutanen ƙauye. Baƙin likitocin da ke aikin maƙoƙo sun iso, sau ɗaya suke zuwa a shekara, kwana uku su tafi. Duk wanda aka sa za a duba yau, in takardar jininsa ba ta shiga hannunsu ba kafin ƙarfe biyu, sai baɗi.

Ta auna koren Delu. Fotasiyom huɗu da ɗan kai, ɗaya gishirin, kalsiyom, daidai, jinin mace mai lafiya. Ta juya jan, ta auna. Fotasiyom tara da rabi. Kalsiyom kusan babu.

Hannu ɗaya, minti ɗaya, amma kamar mata biyu. Mai tara da rabi ba a gindin bedi ake samunta ba, zuciyarta ta daɗe da tsayawa. Zuliha ta leƙa taga ta kira sunan. Wata tsohuwa siririya ta ɗago kai daga gyaɗar da take ɓarewa a cikin faifai. A wuyanta akwai ƙullutu kamar ƙaramar ƙwarya, mayafi ya kasa rufe shi, kuma ko daga nan ana jin numfashinta yana fita da ɗan fito.

"Ga ni, 'yar nan. An gama?"

"Tukuna, Inna. Ki ɗan ƙara haƙuri."

Sunan ne ya tsaya mata a rai. Ta jawo kayen bara, littafin da ake rubuta sakamako, daga ƙasan kabad, ta kaɗe shi, ta buɗe watan da baƙin suka zo. Bara ba a yin kore, ja kaɗai ne, ba abin da za a kwatanta shi da shi. Ga shi nan: Delu Adamu, Gaffati, fotasiyom tara, kalsiyom ƙasa ƙwarai, ba za a yi aiki ba. Ta bi layin da yatsa. Wani daga Gouna, haka. Wata daga Hamdara, haka. Sunaye tara ta ƙirga, babu ɗan birni ko ɗaya a ciki. A ƙarƙashin kowane suna akwai sa hannu mai lanƙwasa, tsaf-tsaf, na mai alfahari da rubutunta. Nata ne.

Bara ba ta karkata kwalba ko ɗaya ba. Mutane sun yi yawa, ta zuba a inji, ta kwafe abin da na'ura ta faɗa, a ranta ta ce mutanen ƙauye da ciwon ƙoda, Allah dai ya kyauta. Ta rufe kayen ta fita.

Ɗakin ɗibar jini na Majo Tahiru ne, babban ma'aikacin jinya, shekara talatin da ɗaya a bakin aiki. Duk Damagaram ta gabas an san hannunsa. Tsofaffi sukan tsallake asibiti uku don su zauna a kujerarsa, wai allurarsa ba ta da zafi kuma ba ya kwashe wa mutum jini. Abokin mahaifin Zuliha ne, shi ya yi mata hanyar wannan aiki, shi ya fara koya mata neman jijiya a hannun jariri. Ta tsaya daga bakin labule ba ta yi sallama ba.

Wani dattijo ne a kujera, hannunsa kamar karan dawa. Majo yana masa hirar damina, yana tambayar ko geron Gouna ya fitar da kai, har allura ta shiga ta fita dattijon bai sani ba. Ƙaramin sirinji ne, wanda ba zai cika kwalba biyu ba, balle uku. Majo ya ɗiga kaɗan a kore. Ragowar ya juye a kwalba mai murfi shunayya, wadda ake ƙidayar ƙwayoyin jini da ita, ya girgiza ta a hankali yana ci gaba da hira. Da dattijon ya fita, sai ya buɗe shunayyar, ya buɗe ja, ya tsiyaya daga wannan zuwa waccan, yana ɗaga su yana daidaitawa kamar uwa mai raba wa 'ya'ya koko. Ya lashe babban yatsansa ya manna takardar suna.

Maganin da ke cikin shunayya fotasiyom ne zalla, kuma aikinsa ke nan ya kama kalsiyom ya hana jini daskarewa. Ɗalibin shekarar farko ya san wannan.

"Baba Majo."

"A'a, ɗiyata. Shigo mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

"Baba, tun yaushe kake juye shunayya a cikin ja?"

Bai ko ɓoye kwalaben ba. Ya yi murmushinsa mai sanyi, wanda mutane ke tahowa daga nesa dominsa.

"Ba kowa nake yi wa ba. Masu jiki ina cika musu kowace daban, yadda littafi ya ce. Amma ki dubi wannan bawan Allah da ya fita. Rabonsa da nama tun layya. In zare masa kwalba uku, da me zai koma gona? Su fa gani suke jinin da ya fita ba ya dawowa."

"Yana dawowa, Baba. Cokali biyu ne."

"Ke kika sani. Shi bai sani ba, kuma shi ne mai jinin." Ya jera kwalaben a faranti. "Ai duk daga hannu ɗaya ya fito, ɗiyata. Ban haɗa da na kowa ba."

"Akwai magani a cikin shunayya. Shi ke ɓata awon. Delu ta Gaffati, bara an kore ta saboda wannan. Mutum tara aka kora."

Murmushin ya ɗan ja baya, amma bai tafi ba.

"Shekara talatin, wa ya taɓa suma a kujerata? Kuma da can rabin kwalba nake aiko muku, ana aunawa lafiya lau. Wa ya fara dawo mini da su da jan bik, an rubuta jini bai kai layi ba? Sau nawa na sake huda tsohuwa tana kuka saboda takardarki? Sai na ce to, tunda layi take so, bari in kai mata layi."

Gaskiya ne, ita ce. Shekararta ta biyu a aiki ta kafa wannan doka, tana jin kanta, har Lokotoro ya yaba mata a gaban mutane. Tun daga ranar kwalabe suke zuwa cike, ita kuma ba ta taɓa tambayar yadda aka yi ƙaramin sirinji ya fara cika manyan kwalabe ba.

Ƙarfe goma sha biyu saura ta sami Lokotoro Safiyanu a biro, ofishinsa, waya a kunne, takardun baƙi a gabansa. Ta ajiye masa sakamako biyu da kayen bara. Ya karanta, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Ki ba baƙi na koren," in ji shi, sai kuma ya girgiza kai. "A'a. Ba mu gama gwaji ba, takardar asibiti ja ce har yanzu. In likitansu mai sa barci ya tambaya ba ni da amsa. A sake ɗiba, ita da duk wanda jansa bai kama ba yau."

"Ita da dattijon Gouna ne. Shi sai gobe za a duba shi. Ita ce ta yau."

"To ki yi da kanki. Amma Zuliha," ya rage murya, "sunan Majo kada ya fito. Saura wata huɗu ya ajiye aiki. Mutumin nan ya ɗauke ni ina yaro a wannan farfajiyar. Zan yi masa magana cikin hikima."

"Me zan ce wa matar?"

"Ki ce kwalba ta faɗi a hannunki."

Ta dube shi. Mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ci mata rai. Duk asibitin mutanen kirki ne, kowa yana yi wa kowa kara, kowa yana tausayin wani, ga mace a waje tana numfashi kamar ana busa mata sarewa a maƙogwaro shekara guda cur saboda kirkinsu. Ta kwashe takardunta ta fita.

A gindin bedi Delu ta saurare ta har ƙarshe, hannunta bai daina ɓarar gyaɗa ba. Ɗanta Mutari, magidanci mai furfura a gemu, yana tsugune a gefe da hularsa a gwiwa.

"Ta faɗi," in ji Delu. "Jinina ya faɗi a ƙasa."

"Eh, Inna. Laifina ne."

"Tun jiya da la'asar ban sa komai a bakina ba, an ce kada in ci. Malam ya ɗiba da safe, Allah shi yi masa albarka, ɗan kaɗan ya ɗiba don ya ga halin da nake. Ke kuma kin je kin zubar. Yanzu kin dawo da ƙoƙo. Ke 'yar nan, rijiya kika ɗauke ni?"

"Inna, in ba a sake ba, ba za a yi miki aikin ba."

"Yo ai dama ba za a yi ba. Bara ma an ce jinina ba shi da kyau. Duk Gaffati an sani. Har jikata aka hana kwana ɗakina, wai kada in shafa mata." Ta tsaya ta ja numfashi, fiton ya fito dogo. "Na zo ne don Mutari ya matsa."

Maganar ta zo wa Zuliha har leɓe: jininki lafiyarsa lau, Inna, tun bara ma lafiyarsa lau, mu ne ba mu da kyau. Ta haɗiye ta. Ta tsuguna a ƙasa, farar rigarta tana shan ƙura.

"Ki ba ni hannunki sau ɗaya. In takarda ta sake fita da muni, ki tsine mini a gaban kowa."

"Sai kin roƙa?" in ji Delu.

Mutari ne ya sa baki, a hankali, kansa a ƙasa. "Inna, daren jiya sau uku kina tashi zaune. Ki ba ta."

A labo Zuliha ta zaunar da ita, ba ta kai ta ɗakin Majo ba. Ta ɗaure roba, ta nemi jijiya. Ba ta iya hirar damina ba, kuma sai a karo na biyu allura ta shiga. Delu ta yi salati da ƙarfi. Ja ta fara cikawa, sannan kore, shunayya a ƙarshe, kowace har layinta, tsohuwar tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Uku," ta ce. "Mutari, ka gani da idonka. Uku, cike."

Ƙarfe ɗaya saura minti goma. Koren ta juya nan take, kafin ɗaya da kwata ya ba ta huɗu da ɗan kai, kamar na safe. Jan kuwa ba a yi masa gaggawa. Ta tsayar da shi a gabanta ta zauna tana kallo, ita da ta saba yin abu uku a lokaci ɗaya. Ana kiran sallar azahar a masallacin tasha. Ta taga tana hango ma'aikaciyar baƙin tana zagaya farfajiya da takardar sunaye, tana kira ana amsawa. Sau biyu hannunta ya kai kan kwalbar ta janye shi. In ta juya shi bai gama kamawa ba, zare-zare zai toshe na'ura, ta koma farko.

Ɗaya da minti ashirin da biyar ta karkata ta. Gudan ya tsaya cak, baƙi-baƙi, bai motsa ba. Ba ta taɓa jin daɗin ganin abu mai muni haka ba.

Minti goma a inji, minti goma sha biyu a na'ura. Fotasiyom huɗu da rabi saura kaɗan. Kalsiyom daidai. Ta rubuta, ta kai bik wurin sa hannu, ta ɗan tsaya, sannan ta sa. Da gudu ta ratsa farfajiya, takalminta ɗaya ya kusa fita. Ma'aikaciyar baƙin ta riga ta ja layi a ƙarƙashin suna na goma sha bakwai. Ta karanta takardar, ta dubi wuyan Delu, ta saurari numfashinta, ta rubuta goma sha takwas a ƙasan layin.

"Gobe da safe. Kada ta ci komai bayan isha'i. Yanzu a ba ta abinci."

Mutari ya rufe fuska da hularsa. Delu ta daɗe tana shafa ƙullutun da tafin hannu. Can ta tattara gyaɗar da ta wuni tana ɓarewa, ta ƙulle a gefen zane, ta miƙe. Zuliha tana tsaye a gabanta tana haki. Tsohuwar ta kewaye ta, ta nufi ɗakin ɗibar jini.

"Malam, ga wannan ka ba yara. An ce gobe za a yi. Hannunka ne mai albarka, tun da safe na ji a jikina."

Majo ya karɓa da hannu biyu, ya yi mata addu'a mai tsawo. Da ya hango Zuliha a baya ya gyaɗa mata kai. "Lokotoro ya yi mini magana, ɗiyata. Na ji. Za a kiyaye." Ya faɗe shi da irin muryar da ake lallashin yaro.

A kan bencin ƙofa akwai wata mata daga Hamdara, mai jego, idanunta fari fat, wuyan hannunta bai fi na yarinya ba. Ita ce ta gaba. Delu ta sunkuya kusa da kunnenta, amma kunnen tsohuwa ya yi nauyi, raɗarta kowa ya ji.

"Ki riƙe Malam. Waccan mai farar rigar kada ki yarda ta taɓa ki. Uku take cikawa, kuma zubarwa take yi."

Matar ta shiga ta zauna a kujera, ta miƙa hannu. Majo ya tambaye ta sunan jaririn, ya tambayi ruwan Hamdara, hannunsa ya wuce manyan sirinji ya ɗauko ƙarami. Sai ya ga inuwa a bakin labule.

"Ba ki da aiki a labo ne, ɗiyata?"

"Ina da shi, Baba."

Ta jawo kujerar roba, ta zauna kusa da farantin kwalabe, ta jera uku a gabansa: ja, kore, shunayya. Mai jegon ta dube su, ta dubi Zuliha, ta janye hannunta ta cusa a cikin mayafi.

"Malam," ta ce, "ka ce ta fita tukuna."